Mun ce su zo asibiti, to me suke tararwa idan sun zo?

Duk lokacin da aka ɗauko maganar mutuwar mata wajen haihuwa a arewa, kafin a je ko'ina an riga an sami mai laifi. Matan ne ba sa zuwa awo, mazan ne ke hana su fita, uwar miji ce ta ce ita goma ta haifa a ɗakinta ko maƙota ba su ji ba, jahilci ne, al'ada ce, kunya ce. A rediyo haka, a taron wayar da kai haka, har likitocin ma idan aka miƙa musu makirfo abin da suke fara faɗa kenan. Ba wai ƙarya ba ne, akwai wannan ɗin kuma da yawa. Amma fa idan ɓera da sata daddawa ma da wari, kuma binciken da masana suka yi a 'yan shekarun nan kan yadda ake kula da mutane a asibitoci ya nuna wani abu da ba mu cika son faɗa ba, wato macen da ta ji maganarmu ta zo asibitin ma ba lallai ne a yi mata abin da ya dace a lokacin da ya dace ba.

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025 ya ce a shekarar 2023 mata kusan 260,000 ne suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa, kuma kusan 75,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne. Ƙasa ɗaya ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ka raba da kwanakin shekara sama da mata 200 kenan kullum, ba ranar hutu. Kuma abin da ke kan gaba wajen kashe su a duniya shi ne zubar jini, musamman wanda ke biyo bayan haihuwa, lokacin da an riga an fara yi wa miji barka a waya.

A kan wannan zubar jinin ne aka yi wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, sakamakonsa ya fito a watan Mayun 2023 a mujallar New England Journal of Medicine. Asibitoci 80 aka ɗauka a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kusan rabinsu a nan Najeriya suke, mata sama da 210,000 da suka haihu da kansu ba ta tiyata ba. Jami'ar Birmingham ta Ingila ce ta jagoranta tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ɓangaren Najeriya kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano ce ta riƙe shi, wadda daga baya mujallar TIME ta saka cikin mutum 100 masu tasiri a harkar lafiya a 2024. Wato ba binciken da aka yi a kan matan Turai aka ce mu kwafa ba ne, matanmu ne, a gadajen asibitocinmu, da ungozomominmu. Aka raba asibitocin gida biyu da ƙuri'a, rabi suka ci gaba da aiki yadda suka saba, rabi aka canja musu tsari. A inda aka saba, mace 43 cikin kowace 1,000 ta shiga mummunan hali, ko dai ta zubar da jini lita ɗaya zuwa sama, ko aka buɗe cikinta don tsayar da jini, ko ta rasu sanadin zubar jinin. A inda aka canja tsari, 16 cikin 1,000. Ragin kashi 60 cikin 100 kenan, kuma duk wanda ya san harkar bincike zai gaya maka ba kasafai ake ganin irin wannan tazarar ba.

To me aka canja? Nan ne abin yake ba ni haushi wallahi, don ba wani inji aka kawo daga Jamus ba. Leda ce. Wata leda da ake shimfiɗa wa mace a ƙarƙashinta da zarar jariri ya fito, tana da aljihu mai tsini a ƙasa da layukan awo a jiki, jinin na taruwa a ciki ana gani, kuɗinta bai wuce dala ɗaya zuwa biyu ba. Ungozoma na duba layin duk bayan minti 15 a awar farko tare da bugun zuciya da hawan jini. Idan ya kai mililita 500, wato cikin ledar fiya wata guda, ba sauran shawara, a tashi a fara magani. Idan ya kai 300 kuma jikin matar ya fara nuna alama, nan ma a fara.

Lambar da ta fi tsaya min a rai a duk binciken ba ita ce 60 ɗin da jaridu suka ɗauka ba. A asibitocin da ake ƙiyasta jini da ido kamar yadda aka saba, kashi 51 cikin 100 kawai na matan da ke zubar da jini fiye da ƙima aka gane suna cikin matsala. Rabi kenan. Sauran rabin suna kwance a gaban ma'aikaciyar lafiya, a cikin asibiti, sun yi duk abin da muka ce su yi, sun yanki kati sun zo awo sun zo haihuwa, amma ba wanda ya lura jininsu na ƙarewa. Da aka sa ledar awo sai ganowar ta tashi zuwa kashi 93. Kuma ba abin mamaki ba ne ido ya gaza, jinin ya gauraya da ruwan faya, wani ya shige zani, wani katifa ta shanye, wani ya bi ƙasa an goge da tsumma, ga dare ga ba wuta ana haskawa da fitilar waya, ga wata tana naƙuda a gadon kusa tana kiran nas, sannan jikin yarinya mai ƙuruciya yana iya daurewa ya riƙe hawan jini daidai har sai abu ya yi nisa, kina mata magana tana amsawa, can sai ta ce tana jin jiri da ƙishirwa, to lokacin an makara. Ga kuma abin da ake faɗa a gidajenmu har da bakin wasu ma'aikatan, wai a bar shi ya fita ai dattin ciki ne, mai jego dole ta yi jini. Eh dole ta yi, amma nawa? Tambayar da ba mu taɓa ba wa amsa da lamba ba kenan.

Abu na biyu da aka canja shi ne yadda ake ba da maganin. A da ɗaya bayan ɗaya ake yi, a murza mahaifa a jira a gani, bai tsaya ba a yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke a sake jira, bai tsaya ba a aika a nemo likita, likita na tiyata ko yana gida, ana ta jira jini kuma ba ya jira. A sabon tsarin gaba ɗaya ake haɗawa cikin kamar minti 15: murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, allurar tranexamic acid mai hana jini tsinkewa, ƙarin ruwa, a duba ko akwai ƙari ko ragowar mabiyiya, idan abin ya ƙi a wuce mataki na gaba ba ɓata lokaci. Kuma ungozomar da ke wurin ita ke da ikon farawa, ba sai ta jira sa hannun wani ba. A asibitocin da aka bari yadda suke, ƙasa da kashi 20 cikin 100 na masu zubar jinin ne suka sami cikakken haɗin nan, a ɗaya ɓangaren sama da kashi 90. Ba ko ɗaya cikin magungunan nan da yake sabo, duk suna cikin littattafan da ake koyar da ɗalibai a makarantun ungozoma.

Ita tranexamic acid ɗin ma labarinta abin takaici ne. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, ita da mijinta suka samar da ita tun farkon shekarun 1960, kuma burinta tun asali a yi amfani da ita a ceci mata masu zubar jini bayan haihuwa, amma likitocin mata na ƙasarta ba su saurare ta ba. Sai a 2017 wani bincike mai suna WOMAN da aka yi kan mata 20,000 a ƙasashe 21, har da Najeriya, ya tabbatar cewa idan aka ba da ita cikin awa uku da haihuwa tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ita Okamoto ta rasu a 2016, shekara guda kafin sakamakon ya fito. Sama da shekara 50 magani mai arha yana nan ana ba masu haɓo da masu cire haƙori, mata kuma na mutuwa. Ni abin da nake tsoro kenan da ledar awon nan, kada ita ma ta yi irin wannan zaman.

Kuma ba maganar haihuwa kaɗai ba ce. A 2018 wani kwamitin masana na mujallar Lancet Global Health ƙarƙashin Margaret Kruk ya yi lissafin mutanen da ke mutuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita daga cututtukan da asibiti zai iya magancewa, suka sami kusan miliyan 8.6 a shekara. Miliyan 3.6 ba su je asibiti ba sam. Miliyan 5 kuwa sun je, kulawar ce ba ta da inganci. Wato waɗanda suka je suka mutu sun fi waɗanda suka ƙi zuwa yawa. Mu kuma kusan duk ƙarfinmu da jingle ɗinmu na rediyo da takardun da muke liƙawa a bango a kan rukunin farko suke.

Kar wani ya ɗauka ungozomomi da nas-nas nake zagi, ko kusa. Ai binciken da kansa shaida ne a gare su, don mutanen nan dai su ne suka kai ganowa kashi 93 da aka ba su kayan aiki, ba a sauke su an kawo wasu ba. Abin da aka yi musu shi ne an ajiye duk magungunan a kan keken tura kaya ɗaya ko akwati ɗaya a cikin ɗakin haihuwa ana cike shi kullum, an yi musu atisaye a wurin aikinsu ba a otal ba, an zaɓi mutane a cikinsu da ke bibiyar abin, sannan duk wata ana nuna musu lambobinsu su ga inda suka gyara da inda suka yi sake. Kwatanta wannan da abin da kowa ya sani a yawancin asibitocinmu na gwamnati, inda ake miƙa wa miji doguwar takarda, safar hannu, auduga, ruwan dirif, sirinji, allura kaza, ya fita ƙarfe biyun dare yana buga ƙofar kemis, wani lokacin ma kuɗin bai cika ba sai ya tsaya kiran 'yan uwa. Maganin da aka ce a ba da cikin minti 15 ta yaya zai yi aiki idan yana cikin shagon da ke rufe a tsallaken titi?

Ko an samo allurar ma akwai wata matsalar. Oksitosin sanyi take so, a firji ake ajiye ta, zafi yana kashe mata ƙarfi. Wani bincike da aka yi da haɗin gwiwar NAFDAC aka buga a 2018 ya gwada samfuran oksitosin daga sassan Najeriya ya sami kusan uku cikin huɗu ba su cika ma'auni ba. Ka tuna zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ka tuna yadda wutar NEPA take, sai ka gane dalilin da ya sa za ka ji ungozoma na cewa sai ta haɗa kwalba biyu ko uku kafin ta ga aiki. Akwai madadinta da ke jure zafi, carbetocin, wadda binciken CHAMPION na 2018 da shi ma Najeriya na ciki ya nuna tana aiki kamar oksitosin wajen rigakafin zubar jinin. Ita ma tana nan, saura a saya a kai.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya. Duk wannan a asibiti ne, matanmu kuma a gida suke haihuwa. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 39 cikin 100 ne na haihuwa ake yi a asibiti a Najeriya, a arewa maso yamma kuwa kusan kashi 16 ne kacal. Ledar awo ba za ta yi wa matar da ke durƙushe a ɗaka a wani ƙauye a Kebbi komai ba. Ƙari a kan haka asibitocin da aka yi binciken matsakaita ne masu karɓar haihuwa 1,000 zuwa 5,000 a shekara, irin janar-janar ɗin nan, ba ƙananan shan-magani na ƙauye masu ma'aikaci ɗaya ba, kuma duk da mace-macen sun fi ƙaranci a ɓangaren sabon tsarin, yawansu bai kai a ce binciken ya yanke hukunci a kan mutuwa ita kaɗai ba. Duk na yarda. Amma wannan ba hujjar naɗe hannu ba ce, don na gidan ma akwai abin da aka gwada. Tuntuni masana na Jami'ar Ahmadu Bello suka gwada raba ƙwayar misoprostol, wadda ita ma ke sa mahaifa ta tsuke, a ƙauyukan kewayen Zariya don mace ta sha da zarar ta haihu a gida, ƙwayar ba ta buƙatar firji ba ta buƙatar allura, kuma a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa ba mata ita tun a wurin awo a wuraren da ba ƙwararriyar da za ta karɓi haihuwar, bisa sa ido. Maƙotanmu Nijar, da muke ganin mun fi su kuɗi nesa ba kusa ba, sun ɗauki tsari mai hawa uku a faɗin ƙasar wajen 2014, misoprostol, idan bai tsaya ba a sa balan-balan a cikin mahaifa a cika shi da ruwa ya danne jijiyoyin, sannan wata riga mai matse ƙafafu da mara da ke tura jini sama har a isa inda za a yi tiyata ko ƙarin jini. Rahoton da aka buga a 2023 ya nuna mutuwa ta zubar jini a asibitocinsu ta ragu da fiye da rabi.

Sannan ni ina ganin maganar gida da ta asibiti ba a rabe suke ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mata suna hira, a gidan suna, a gidan biki, a layin awo, kowa ta san wadda aka kai asibiti aka dawo da gawarta, kowa ta san wadda aka daka wa tsawa tana naƙuda, da wadda aka bari a benci don miji bai kawo kaya ba. Idan uwar miji ta ce asibiti ba ya hana abin da Allah ya ƙaddara, wani lokacin ba jahilci ne ke magana ba, abin da idonta ya gani take faɗa da harshen da ta iya. Ranar da labarin da ke yawo a unguwa ya koma wance jini ya ɓalle mata amma kafin ka ce kwabo sun tsayar da shi, ba sai an biya kuɗin sanarwa a rediyo ba.

Akwai kuma namu laifin mu maza da ba zan tsallake ba. Ƙidayar 2018 ɗin nan ta nuna kusan shida cikin goma na masu ciki a Najeriya suna da ƙarancin jini tun kafin naƙuda, ga zazzaɓin cizon sauro ga rashin abinci mai gina jiki ga haihuwa kusa-kusa, wadda ta shigo da jini kaɗan kuwa zubar da wata za ta jure ita kayar da ita zai yi. Kuɗin ragon suna ana tara shi tun ciki na wata biyar, ƙwayar ƙarin jini da hanta da ganye kuma sai an yi faɗa. In an ce a ba da jini a asibiti sai ka ga majiya ƙarfi suna zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Gwamnati ba za a ce ba ta motsa ba. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da auna jini da haɗa magungunan nan shawararta a hukumance, a Nuwambar 2024 kuma ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ƙaddamar da shirin MAMII na rage mutuwar mata wajen haihuwa, wanda ya ware ƙananan hukumomi 172 da aka ce su ke da fiye da rabin mace-macen, tare da alƙawarin tiyatar haihuwa kyauta ga mabuƙata. Madalla. Amma janar asibiti na gwamnan jiha ne, ƙaramin asibiti kuma na jiha da ƙaramar hukuma, kuma mun san abin da 'yan siyasarmu suka fi so, gini. Gini ana fenti a yanka kirtani a ɗauki hoto a liƙa suna, akwai kwangila a ciki. Katan ɗin leda da kwalaben allura da albashin ungozoma ta biyu da za ta riƙe diyutin dare ba sa fitowa a hoto, kuma ba sau ɗaya ake sayensu ba, duk wata ne har abada. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja, a garinmu, cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantar wurin ba, jihohin da ke rubuta babbar lamba a takarda kuma sai ka tambayi nawa aka saki. Abin da na fi tsoro shi ne a bar wa masu ba da tallafi daga waje, su kawo leda na shekara biyu, a yi wokshop a karɓi alawus, shirin ya ƙare, ledar ta ƙare, a koma ido. Bayan yadda Amurka ta yanke tallafinta a farkon 2025 ai bai kamata a sake samun mai wannan lissafin ba.

Su ma masanan namu ina da ƙorafi a kansu. Sakamako irin wannan yana fitowa da Turanci a mujallar da sai mai digiri ke buɗewa, a yi taro a Abuja a tafa, shikenan. Matar da aka auna jininta aka samo lambar ba ta taɓa jin me aka gano ba, mijinta ma haka. Da za a zauna a gidajen rediyonmu a faɗa da Hausa, a faɗa a wurin awo, limamai su taɓo shi, da mutane sun san abin da za su nema. Don ɗan majalisar jiha ba ya karanta New England Journal of Medicine, amma yana jin abin da ake kira ana faɗa a shirin safe.

Saboda haka idan matarka ko ƙanwarka ko 'yarka na da ciki, ka raka ta awo ko sau ɗaya ne, ka tambayi mai kula da ɗakin haihuwar cikin mutunci ba da faɗa ba: kuna auna jini da ledar nan ko da ido? Akwai tranexamic acid a cikin ɗakin ko sai mun sayo? Ina kuke ajiye oksitosin? Da daddare mutum nawa ke diyuti, kuma idan abu ya gagara ina ake turawa, da wace mota? Idan amsar ba daɗi, ba ita za ka kama ba, ita ma haka ta tsinci wurin. Ka kai maganar kwamitin ci gaban mazaɓa da ke kula da asibitin unguwarku, ka kai wa kansila da ciyaman, ka tura wa ɗan majalisarku, kuma lokacin kamfen idan suka zo da hoton sabon gini ku ce su buɗe muku sito ku gani.